Tambaya da Amsa: Wa ya fi, wanda bai taɓa faɗuwa ba ko wanda ya tari na gaba da shi?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk na dambe ne, kuma kamar an haɗa baki, kowa ta inda ya ɓullo sai ya dawo kan maganar girman jiki da tsoro. Na tsinci guda biyar. Masu tambayar ƙwallo ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni tela ne a nan Fagge, akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanina da abokin aikina, shi ɗan a-mutun Mayweather ne, kullum maganarsa ɗaya, wai mutum ya yi dambe sau 50 ba a taɓa buge shi ba to me kuma ake nema, kuma ai sun haɗu da Pacquiao ɗin ya ci shi. Ni kuma na ce Pacquiao ya fi shi don ƙaramin mutum ne da ya riƙa hawa sama yana dukan ƙatti. Don Allah ka raba mu, mun sa shayin sati guda.

Amsa: To ɗan uwa, Allah ya sa dai ɗinkin mutane bai tsaya ba saboda wannan musun. Ka fara gaya wa abokinka cewa 50 ɗin nan lissafi ne kawai, ba ta faɗa maka su waye hamsin ɗin ba, kuma ba ta faɗa maka a wane hali aka same su ba. Na hamsin ɗin ma ai Conor McGregor ne a 2017, mutumin da bai taɓa yin damben boksin na kuɗi ko sau ɗaya ba kafin ranar, daga wani wasan daban aka ɗauko shi.

Shi Pacquiao ya fara ne a 1995 a ƙasarsu Filifin yana ɗan shekara 16, nauyinsa wajen kilo 48, wato buhun siminti ya fi shi nauyi, kuma daga nan ya yi ta hawa har ya ci kambu a ajin nauyi takwas, abin da babu wanda ya taɓa yi. Wanda na fi tunawa shi ne na Antonio Margarito a Nuwamban 2010 a Texas, an yi awo a kan kilo 68 amma kafin a shiga fili Margarito ya sha ruwa ya ci abinci ya dawo ya fi shi da kusan kilo 8, ga tsawo ga dogon hannu, in ka gan su tsaye sai ka ce wa da ƙani ne, amma turmi 12 Pacquiao yana zagaya shi yana kirɓa har ya fasa masa ƙashin gurbin ido.

Amma fa kar ka yi saurin tafi, don kai ma akwai inda za a kama ka. Oscar De La Hoya da Pacquiao ya lallasa a Disamban 2008 har ya kasa tasowa bayan turmi na 8, sunan ne kawai babba, mutumin yana da shekara 35 kuma ya matse kansa da yunwa ya sauko nauyin da rabonsa da shi tun 2001, a daren ma Pacquiao ya ɗan fi shi nauyi, kuma daga wannan bai sake dambe ba. Margarito ɗin ma sai da Shane Mosley ya riga ya sassaƙe shi a 2009. Ka ga kenan ba duk ƙato ne ƙato ba, wani an riga an zare masa laka kafin a kawo shi.

Shi kuma Mayweather duk wanda ya ce matsoraci ne bai kalli farkonsa ba. A 2001 ya tari Diego Corrales, dogo mai mugun hannu wanda ba a taɓa bugewa ba, ya kai shi ƙasa sau biyar. A 2002 Jose Luis Castillo ya ba shi wuya har mutane da yawa suka ce an yi wa Castillo coge, a shekarar ya sake ba shi dama ya ci shi fes. A 2007 ya hau kilo 70 ya samu De La Hoya a ajinsa. Matsalar daga baya ta zo, lokacin da ya zama shi ne ɗan dambe shi ne dillalin kansa, shi ke zaɓar wa, yaushe, kuma a kan kilo nawa. Ya jawo Juan Manuel Marquez sama daga ƙaramin aji a 2009 sannan shi da kansa ya zo ya wuce nauyin da aka yi yarjejeniya ya biya tara. Ya samu Canelo Alvarez a 2013 lokacin Canelo yana ɗan shekara 23 kuma ya sa aka rage masa nauyi zuwa kilo 69. Pacquiao ɗin da abokinka ke tinƙaho da shi kuwa tun 2010 duniya ke roƙo, aka tsaya jayayya kan gwajin jini da rabon kuɗi, ba a yi ba sai Mayun 2015, ɗaya yana 38 ɗaya yana 36, tuwon ya riga ya huce. Laifin jinkirin nan ba na mutum ɗaya ba ne, amma dai an san wanda jinkirin ya yi wa daɗi.

Abin da ya sa ni na karkata wajenka ba ma Margarito ba ne. Marquez ne. Ba ƙato ba ne, kusan tsawonsu ɗaya, amma shi ne mutumin da ya gano lagon Pacquiao tun haɗuwarsu ta farko a 2004, duk wanda ya kalla ya san wannan mutumin ƙashin kifi ne a wuyansa, kuma duk da haka sau huɗu Pacquiao yana tararsa, har a na huɗun a Disamban 2012 Marquez ya sa masa hannun dama guda a turmi na 6 ya faɗi rub da ciki kamar ba zai tashi ba. Mai tattalin lissafi ba zai koma na huɗun nan ba. In iya kare kai da tsabtar dambe ake magana Mayweather ya fi, ban ma ga na biyunsa a zamaninsa ba, amma tambayarka ta wa ya fi saka kansa a haɗari ce. Abokinka ya sayi shayin, kai ka sayi burodi tunda nasa gwanin ya ci naka ido da ido.

Tambaya: Malam ina gaisuwa daga Damagaram. Mu a damben gargajiya ba mu san wani sikeli ba, in ka isa ka shigo a sa zare. Me ya sa Turawa suka cika raba aji-aji, ba tsoro ba ne kuwa?

Amsa: Ina amsawa mutumin Damagaram. Ni ma a bakin filin dambe na tashi, lokacin kaka in an gama girbi mahauta sun sauka gari kalangu na tashi, kuma na sha ganin ɗan siririn yaro ya nufi wani basamude ya miƙa masa hannu, fili ya ɗauki ihu tun kafin a yi komai. Gaskiyarka, a wajenmu suna daga nan yake fitowa, babu wanda makaɗi zai ɓata bakinsa a kansa don ya kashe yara goma, wato ya kai su ƙasa, amma ka kashe babban ɗan dambe ɗaya, ko ma ku yi turmi uku babu kisa, shikenan an san ka daga Kudu har Arewa har Guramada. Har yau in ana hirar mazan jiya sai ka ji an ambaci Shago da Ɗandunawa, kuma ba wanda zai tambaye ka kilo nawa suke.

Sai dai ka lura da abu biyu. Na farko ko a namu ɗin ba haka kawai ake haɗawa ba, babba yakan ƙi sa zare da yaro ya ce je ka fara wuce yarana tukuna, kuma manyan ɓangare sukan hana nasu in sun ga ajalinsa ake nema, wato sikelin yana nan, a idon dattawa yake. Na biyu damben namu kisa ake nema, hannu ɗaya mai kyau ya kai mutum ƙasa an gama, turmi uku ne, to a nan ƙarami mai zafin nama yana da rabo. Na Turawa kuwa turmi 12 ne na minti uku-uku, da can ma 15 ne, hannu biyu, ga ƙato yana kwantar maka da nauyinsa a kafaɗa duk lokacin da kuka rungume, kilo biyar a turmin farko ba komai ba ne amma a turmi na tara sai ka ji kamar buhun gero aka ɗora maka. Shi ya sa tun asali suka yi aji takwas, yanzu sun kai 17, kodayake wannan ƙarin har da son kuɗin masu raba kambu, kowane aji ai kuɗin shiga ne.

Kuma in kana son ka ga abin da ke faruwa in ƙwarya ta bi akushi, duba 2016. Amir Khan ya tsallake ya tari Canelo, ya yi ta wasa da shi turmi huɗu biyar mutane na murna, a na 6 hannu ɗaya ya shimfiɗe shi. Bayan wata huɗu Kell Brook, zakara a kilo 66 da ɗoriya wanda ba a taɓa bugewa ba, ya haura aji biyu ya tari Golovkin a Landan, a turmi na 5 kocinsa ya ɗaga tawul, ƙashin ido ya fashe. Brook ya sake matse jiki ya koma ajinsa a 2017, Errol Spence ya fasa masa ƙashin ɗayan idon. An yaba masa da jarumta, ni ma na yaba, amma Brook ɗin da aka sani bai sake dawowa daidai ba. Roy Jones ma haka, a 2003 ya hau ya ci John Ruiz da ya fi shi da kilo 15 ya ɗauki kambun masu nauyi, duniya ta ce ba a taɓa irinsa ba, da ya sauke naman ya dawo ajinsa sai ga Antonio Tarver ya kashe shi a turmi na 2 a 2004. Jiki ba riga ba ce da za ka buɗe yau ka tsuke gobe.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne a Kaduna, jikana ne ya rubuta min wannan. Muna samari muka ji damben Dick Tiger a rediyo. Yaran yanzu ba su san shi ba, sai su Joshua. Ka faɗa musu wane ne, ko ni ne son zuciya ya sa nake ganin babu kamarsa?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ba son zuciya ba ne wallahi. Yara ku matso. Sunansa na gaskiya Richard Ihetu, mutumin Amaigbo a ƙasar Ibo, gajere ne kakkaura, ya ci kambun duniya na matsakaita nauyi a 1962 a hannun Gene Fullmer na Amurka, kuma a watan Agustan 1963 aka kawo damben har filin Liberty na Ibadan ya sake lallasa Fullmer a gaban 'yan ƙasarsa, ina kyautata zaton wannan ne Baba ya ji a rediyo. Kafin shi Hogan Bassey ya riga ya kawo mana kambu a 1957, amma Tiger ne ya kawo damben kansa gida.

Inda ya shigo maganarmu ta yau shi ne, da ya rasa kambunsa a 1966 yana da shekara 36, lokacin da kowa ke cewa ya je ya huta, sai ya haura ajin kilo 79 ya tari Jose Torres a Disamban shekarar ya ƙwace kambu, suka sake a 1967 ya sake cinsa. Sannan ga wani dogo ana ce masa Bob Foster, tsawonsa mita 1.91 shi kuwa Tiger 1.73, hannunsa na hagu kamar guduma, kowa a ajin yana kewaye shi kamar rijiya. Tiger ya ba shi dama a Mayun 1968 a New York, a turmi na 4 Foster ya sa masa hagun nan ya kwanta. To ga tambaya ga masu lissafin ba-a-taɓa-buge-shi-ba, wannan faɗuwar ta rage wa Tiger wani abu? Bayan shekara ɗaya yana dab da 40 ya ci Nino Benvenuti wanda ke riƙe da kambun matsakaita a lokacin. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi a Disamban 1971 yana da shekara 42.

Abin dariyar kuma, gaba da gabanta, shi Foster ɗin da ya ga ya share ajinsa sai ya ce bari ya leƙa na manya, Joe Frazier ya gama da shi a turmi na 2 a 1970, Muhammad Ali ya yi ta kai shi ƙasa a 1972 har aka gama a na 8. Kuma har gobe in ana lissafin gwanayen kilo 79 da shi ake farawa ko a sa shi na biyu.

Makwabtanmu na Gana ma suna da irin wannan labarin, Azumah Nelson, dambensa 13 kacal aka kira shi cike gurbi a 1982 ya tari Salvador Sanchez, ya kai shi har turmi na 15 kafin a tsayar. Ya faɗi, amma daga wannan daren duniya ta san sunansa.

Tambaya: Malam ni matar aure ce daga Jos, maigidana ne ya koya min kallon dambe yanzu na fi shi so. Shi ya ce Anthony Joshua ya zubar mana da mutunci tunda ƙaramin mutum irin Usyk ya buge shi sau biyu. Ni kuma tausayi yake ba ni. Ya kake gani?

Amsa: Hajiya ki gaishe da maigida, ki ce masa ya sassauta. Usyk ɗin nan da yake kira ƙarami sai da ya tattara kambu huɗu duka na ajin kilo 90 a 2018, kuma a Moscow ya je ya karɓo a gidan abokin karawarsa, sannan ya hau. Ya ci Joshua a Landan a 2021, ya sake a Jidda a 2022, sannan a Mayun 2024 a Riyad ya tari Tyson Fury yana kilo 101 Fury na kusan 119 ya ci shi, ya maimaita a Disamba. In ana neman misalin wanda ya tari na gaba da shi a wannan zamanin to shi ne, sai ko Terence Crawford da ya haura aji biyu ya ci Canelo a 2025.

Shi Joshua yana da hanyar zillewa, zai iya ajiye kambu ɗaya ya ce ba ya yi, an taɓa haka, a 1992 Riddick Bowe a gaban 'yan jarida ya jefa bel ɗin kambun hukumar dambe ta WBC a kwandon shara maimakon ya haɗu da Lennox Lewis wanda ya taɓa buge shi a gasar Olamfik ta 1988, kuma har yau da wannan kwandon ake tuna shi duk da ya ci Holyfield sau biyu. Joshua bai yi haka ba, ya shiga, aka buge shi, ya ce a sake. Klitschko ma ya kai shi ƙasa a 2017 ya tashi ya gama da shi a turmi na 11. Inda nake da ƙorafi a kansa ɗaya ne, shekara uku suna riƙe da kambu shi da Deontay Wilder kowa na cika baki a intanet ba su haɗu ba har Andy Ruiz ya zo ya yi masa ba-zata a 2019. Wannan tabon su biyun ne suka raba.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Zariya. In dai hawa aji ne ma'auni, kenan wanda ya zauna a ajinsa har ya yi ritaya ba gwani ba ne?

Amsa: A'a ƙanena, kar ka ɗora min abin da ban ce ba. Marvin Hagler bai taɓa barin kilo 72 da rabi ba. Ya karɓi kambu a hannun Alan Minter a Landan a 1980, ya kare shi sau 12, kuma Michael Spinks na can sama a kilo 79 bai je ya same shi ba, amma ban taɓa jin wanda ya san dambe ya kira Hagler matsoraci ba, saboda duk wanda aka ce shi ne dodo a ƙofarsa ya buɗe masa. Thomas Hearns a 1985, wanda bai daɗe da kashe Roberto Duran a turmi na 2 ba, suka yi turmi uku kamar za su cinye juna, jini na zuba a goshin Hagler har aka kira likita ya duba, ya koma ya gama da shi. Shekara ta gaba John Mugabi ɗan Yuganda, wanda duk damben da ya yi kafin nan da kisa ya gama shi babu wanda ya kai ƙarshe, Hagler ya tsaya gaba da gaba da shi har turmi na 11.

Wani zai ce ai manyan sunayen da ya kara da su, Duran da Hearns da Sugar Ray Leonard, duk daga ƙasa suka hauro suka same shi, kuma gaskiya ne, shi ya sa ni a lissafina nake ɗan ɗaga Duran sama da shi, mutumin da asalinsa ɗan kilo 61 ne ya yi turmi 15 da Hagler a 1983, sannan yana da shekara 37 ya dawo ya ƙwace kambun ajin a hannun Iran Barkley a 1989. Amma wannan tsakanin gwani da gwani ne.

Kuma tunda ɗalibi ne kai ga aikin gida, je ka nemi damben Sugar Ray Robinson da Joey Maxim na Yunin 1952 a New York, yana nan a YouTube baƙi da fari. Robinson ya hauro ne neman kambun kilo 79, ana zafin da ya kai digiri 40, zafin da sai da ya kayar da alƙalin wasan aka canza wani bayan turmi na 10, Robinson na gaba a maki a wajen duk alƙalan, shi kuwa Maxim ya yi ta jingina masa nauyi yana jira. Da aka buga ƙararrawar turmi na 14 Robinson ya kasa tashi daga kujera. Ka kalla ka rubuto min wanda kake ganin ya ci, Maxim ko zafi.